Cin abinci a tsohon gidan jakadan Ingila na Zanzibar

Duk wanda Allah ya kai shi Zanzibar to ya daure ya leka gidan abincin nan da ke cikin tsohon ofishin jakadancin Ingila a Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar, bakin teku ne sosai, daga Forodhani, dandalin da ake sayar da abinci da dare, da kafa ma zaka taka. Amma shawarata kar ka bi yuyu, kowa rububin teburan waje yake yi wadanda aka jera kan yashi saboda hoto, ni kuwa ciki na shige kuma wallahi nan ne dadin yake. Bangon kaurinsa ya isa, da dutsen murjani da farar kasa aka gina shi, ana zabga rana a waje amma ciki da sanyi-sanyi, in ka daga kai kuma ga itatuwa jere a rufin kamar azarar soron gidan sarauta.

Ginin nan fa ba na jiya bane. Daga 1841 zuwa 1874 nan jakadan Ingila yake zaune, Burton da Speke, turawan Ingila masu yawon bincike, su ma sun sauka a nan kafin su nausa neman mafarin kogin Nilu. Abin da yafi daure min kai, a gidan aka ajiye gawar David Livingstone, baturen mishan mai yawon bincike a Afirka, a 1874, bayan masu yi masa hidima Susi da Chuma sun dauko ta a kafa tun daga kasar da ake kira Zambiya yanzu har Bagamoyo da ke bakin tekun Tanzaniya, wata da watanni suna tafe da gawa, kai jama'a! Daga Zanzibar aka sa ta a jirgin ruwa sai Ingila. Ina cin shinkafa ina wannan tunanin.

Abincin kuwa ba laifi. Kifi gasasshe na ci da shinkafa mai kamshin kanumfari, abokin tafiyata ya karbi pweza, wannan halittar ruwan mai hannu takwas, an dafa ta da madarar kwakwa, na dan dandana, tafi yadda nake zato taushi amma gaskiya zuciyata bata kwanta ba.

Ku sani dai ana sayar da giya a wurin tunda turawa ne suka fi yawa, in da iyali zaka je gara bayan la'asar kafin dare yayi. Kudin kuma yafi na masu tebur a Forodhani nesa ba kusa ba, don haka ruwan rake a can muka je muka sha.