Fostar halittun da na sayo a Birnin Kebbi: ta yi kyau, amma babu ayu a ciki

Shekara tara ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Yauri, kuma duk zangon da muka iso darasin rarraba halittu gida-gida, alli da allo kaɗai ne makamina. Zanen alli kuwa ba ya nuna gashi, ba ya nuna haƙori, alhali a kansu darasin ya rataya. Shi ya sa da na je Birnin Kebbi biki a hutun da ya wuce, na saci jiki na shiga wani shagon littattafai da ke kusa da babbar kasuwa.

Mai shagon dattijo ne mai haƙuri. Da na faɗa masa abin da nake nema, sai ya jawo wani kwali mai kama da bututu, ya zaro fosta huɗu a nannaɗe, ya shimfiɗa su a kan tebur ya danne bakinsu da littattafai. "Malama, wagga ko ruwa ya taɓa ta ba ta lalacewa," in ji shi. Ya yi kuɗi naira 9,000, muka daidaita a 7,500. Yanzu na yi zango guda cur ina aiki da su, don haka ina da abin faɗa.

Maganarsa a kan ruwa gaskiya ce. An lulluɓe takardun da leda mai kauri, kuma sau biyu ruwan sama yana feso su ta taga, tsumma kawai na sa na goge. Sai dai ba a yi musu hujin ratayewa ba. Da na kafa ƙusa kai tsaye, kusurwar ɗaya ta fara yagewa cikin mako guda, har sai da mai gadinmu ya nuna min dabara: a huda murfin kwalbar lemo, a sa ƙusar ta cikinsa. Tun daga ranar ba su motsa ba.

Fosta ta farko ta raba halittu manyan gidaje biyar. Akwai bakteriya, akwai ƙananan halittu irin su amiba da ƙwayar da sauro ke ɗauka ta zazzaɓi, akwai dangin naman kaza da funfuna da yis ɗin burodi, sai tsirrai, sai dabbobi. Wannan tsari na wani masani ne ɗan Amurka, Robert Whittaker, tun 1969, kuma shi muke koyarwa don jarrabawa, saboda haka ba ni da ja. Amma ilimi ya wuce nan. A 1977 Carl Woese ya gano cewa wasu ƙwayoyin da ake yi wa kallon bakteriya jinsi ne daban, waɗanda ake kira arkiya, kuma a 1990 ya kawo tsarin raba dukan halittu uku. Layi ɗaya a ƙasan takardar da ya isa ya faɗi haka, ba a sa ba. Fosta ta biyu, mai nuna dabbobi masu ƙashin baya da marasa shi, ita ce mafi rauni: an cunkusa hotuna, rubutun ya yi ƙanana, 'yan benci na baya ba sa iya karantawa.

Ta uku da ta huɗu su ne na dabbobi masu shayarwa, kuma su suka biya min kuɗina. An fara da abin da ya haɗa su duka, wato nono da gashi, kuma daga kalmar nono ta Latin ne ma Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya raɗa wa rukunin suna a 1758. Daga nan aka raba su uku. Masu yin ƙwai amma su shayar, su ne filatifas mai baki kamar na agwagwa da ekidna mai ƙaya, waɗanda babu su sai a Ostareliya da tsibirin Niyu Gini. Sai masu rainon jariri a aljihun ciki irin su kangaru. Sai mafi yawa, masu ɗaukar ciki har ɗa ya ƙosa, daga ɓera har giwa mai yin kusan wata 22 kafin ta haihu. Nau'o'insu sun haura 6,000, kuma kusan huɗu cikin goma dangin ɓera ne masu gwaguya. An ajiye babban wel, ƙatuwar dabbar teku mai siffar kifi, mai tsawon kusan mita 30, kusa da wani ɗan jemage na ƙasar Tailan wanda nauyinsa bai wuce giram 2 ba. Yarana sun daɗe a gaban wannan hoton.

Ranar da muka zo kan jemage ba zan manta da ita ba. Duk shekara sai an yi gardama, domin a wurinsu abin da ya tashi sama tsuntsu ne. Bana ban ce komai ba, na kira su gaba shida-shida. Hoton ya nuna fiffiken a buɗe, ana ganin dogayen ƙasusuwan yatsu da fata a tsakaninsu, ga gashi a jiki, ga kunnuwa, ga jariri manne a ƙirjin uwa. Wata ta ɗora tafin hannunta a kan hoton ta ware yatsu, ta ce, "Malama, ashe hannu ne!" Da na ce jemagu sun fi nau'i 1,400, kuma irin waɗanda ke cin mangwaronmu da dare kaɗan ne kawai daga ciki, ajin ya yi tsit.

Na kuma yaba da yadda aka raba bushiya da beguwa. Kowa na ɗaukar su 'yan uwa saboda ƙaya, amma beguwa a layin masu gwaguya take tare da ɓera da kurege, bushiya kuwa ta fi kusa da jaɓa. Zomo ma an ware masa layinsa, domin yana da wasu ƙananan haƙora biyu a bayan manyan na sama, abin da ɓera ba shi da shi. Wanda ya tsara wannan ɓangaren ya san aikinsa.

To, ga inda raina ya sosu. Wanda ya zana ba mu yake tunani ba. Raƙumin da ke ciki mai tozo biyu ne, na tsakiyar Asiya, ba mai tozo ɗaya da muke gani yana dako ba. Giwar mai ƙananan kunnuwa ce, ita ma ta Asiya. Babu gafiya, babu gada, babu dila. An sa raƙumin dawa, amma ba a faɗi cewa na yammacin Afirka da suka rage suna nan maƙwabtanmu, wajen Kure a Jamhuriyar Nijar. Suna ko ɗaya na Hausa babu.

Wata yarinya 'yar gidan Sarkawa masunta, wadda ba ta cika magana a aji ba, ita ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ayu fa? Kifi ne ko?" Na duba takardun huɗu kaf, babu shi. A gari irin Yauri, da ke kwance a bakin kogin Kwara! Na ce ta je ta tambayi kakanta, wanda ya tsufa a kan ruwa. Washegari ta dawo da bayani tsaf: ya ce ayu ba ya cin kifi sai ciyawar bakin ruwa, yana leƙo da hanci ya shaƙi iska ya koma, kuma nonon macen a hammata yake, ƙarƙashin hannuwanta masu kama da filafili. Kusan duk abin da tsohon nan ya faɗa haka yake a ilimi, sai dai ayun Afirka kan taɓa kifi jefi-jefi. Na ƙara musu da cewa a cikin dabbobin tudu, giwa na daga mafi kusa da ayu a dangi. Giwan ruwa da ake alfahari da shi a bikin kamun kifi na Argungu, sunan giwa kawai ya ara, kifi ne mai ɓawo mai yin ƙwai. Ayu da babu giwa a sunansa, shi ne ɗan uwanta. Haka dorina, da muke jin gurnaninta a kogi, danginta na kusa wel ne. Kuma kusan duk mai shayarwa ƙashin wuyansa bakwai ne, har raƙumin dawa da tsawon wuyansa, amma ayu shida gare shi.

Abin ya dame ni ne saboda ayu yana raguwa. Ana farautarsa don nama da mai, yana faɗawa cikin koma da taru ya kasa fitowa shan iska, kuma tun 2013 yarjejeniyar duniya ta cinikin namun daji ta sa shi cikin jerin waɗanda aka hana fataucinsu tsakanin ƙasashe. Yaran da ubanninsu ke riƙe da tarun nan su ya fi kamata su gan shi a bangon aji, su san uwa ce mai shayar da ɗa.

Ga abin da na yi. Na sayi salatif mai faɗi na takarda da maka, wato alƙalami mai kaurin baki, muka rubuta sunan Hausa a ƙarƙashin kowace dabbar da muke da sunanta. Na je shagon buga takardu aka fitar min da hoton ayu da na gafiya da na raƙumi mai tozo ɗaya, muka liƙa kowanne a layinsa, ayu kusa da giwa. Yarinyar nan ce ta liƙa shi da hannunta.

Malamin da ke koyar da aji ɗaya na babbar sakandare, ko uban da ke son 'ya'yansa su riƙa ganin abin a ɗaki, ina ba shi shawara ya saya, ko don fosta ta uku da ta huɗu kaɗai. A warware kowace a duba kafin a biya, domin a cikin waɗanda mai shagon ya nuna min akwai guda da launinta ya zame, hotunan suka yi dishi-dishi, kuma da na nuna masa bai yi musu ba ya canza. A tanadi murafun kwalba goma sha shida da maka ɗaya. Na bar wa mai shagon saƙo a rubuce ya ba masu kawo masa kaya, da sunayen dabbobi takwas na ƙasar nan da nake roƙon a sa a bugu na gaba, ayu ne na farko a jerin.