Boxer 150 ko Honda CRF300L: Wanne Ya Dace da Hanyar Mambilla a Damina?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka da kyau, domin amsarta tana cikin bayanan da ka haɗa da ita. Ka ce kana shirin tashi daga Jalingo zuwa Gembu a watan Agusta, kai kaɗai, ka yi mako guda kana zaga ƙauyukan tsaunin Mambilla da ke Jihar Taraba, sannan a hanyar dawowa ka tsaya a Serti ka leƙa gandun dajin Gashaka Gumti. Kana da Bajaj Boxer 150 da ka shekara biyu kana hawa, an kuma yi maka tayin Honda CRF300L na hannu, kana son sanin ko ya dace ka sayar da naka ka cika kuɗi ka karɓi wancan. Ka ƙara da cewa ba ka taɓa yin doguwar tafiya a hanyar da ba ta da kwalta ba. Na hau irin waɗannan babura biyu a wannan yanki, kuma shawarata ita ce ka riƙe Boxer ɗinka a wannan tafiyar, duk da cewa CRF ya fi shi a kusan duk abin da ake iya aunawa.

A fara da abin da babu gardama a kansa. CRF300L, wanda ya maye gurbin CRF250L a 2021, an ƙera shi ne tun asali domin ya bi kwalta ya kuma shiga jeji. Injinsa 286cc ne, ƙarfinsa kimanin doki 27, giyarsa shida, tayar gaba inci 21, ta baya inci 18, kuma tazarar cikinsa da ƙasa milimita 285 ce. Shi kuwa Boxer an yi shi ne domin ya ɗauki mutum da kayansa da kuɗi kaɗan: injinsa bai cika 150cc ba, ƙarfinsa kimanin doki 12, tayoyinsa duka inci 17, tazararsa da ƙasa kuma ba ta kai milimita 200 ba. Bambancin nan jiki ne yake ba da labarinsa. Babbar taya takan haye rami ko dutse ta wuce, ƙarama kuwa takan faɗa ciki ta daki bakin ramin, bugun ya taso ta hannuwa har kafaɗa. Shokazoban CRF yana iya lotsawa har milimita 260 gaba da baya, an kuma tsara babur ɗin yadda za ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa ka bar gwiwoyinka su shanye gargadar hanya. A kan Boxer tsayuwa ba ta daɗi, domin kansa yana ƙasa kuma matakan na roba ne masu zamewa idan sun jiƙe, don haka a zaune za ka sha duk abin da hanya ta kawo.

A hawan tsauni ma CRF ne a gaba. Daga Mayo Selbe hanya take fara hawa da kwanoni masu matsi har ta kai Maisamari, kuma saman Mambilla yana kimanin mita 1,600 sama da teku. A wannan tsayi iskar da inji yake shaƙa ta ragu, kowane inji yakan rasa wajen kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma mai doki 12 ya fi mai doki 27 jin wannan ragi. CRF yana amfani da injekta, wadda take daidaita mai da iska da kanta. Boxer yana amfani da kafireta, saboda haka mai yakan yi masa yawa a sama, fulogi ya yi baƙi, idan ka murɗa ka ji kamar yana shaƙewa kafin ya amsa. Wannan ba babbar matsala ba ce: ka tafi da fulogi biyu, ka sa bakanike ya daidaita maka kafireta idan ka isa garin Nguroje da ke saman tsaunin, kuma tun daga gida ka canza ƙaramin haƙorin sarƙa na gaba zuwa wanda ya gaza naka da haƙori ɗaya, za ka rasa ɗan gudu a kwalta amma ka sami ƙarfin hawa. Abin da ya fi damuna shi ne saukowa. Birkin Boxer na ganga ne, yakan yi zafi ya saki idan an daɗe ana danne shi a doguwar gangara, yakan kuma riƙe ruwa bayan an ratsa rafi. Birkin CRF na faifai ne gaba da baya, ya fi kamawa, ya fi saurin bushewa. Idan da Boxer za ka sauko, ka sa giya ta biyu ka bar inji ya riƙe ka, birki ya zama mataimaki kawai.

To me ya sa na ce ka riƙe Boxer? Saboda watan da ka zaɓa, da kuma kasancewarka kai kaɗai. Da zarar ka bar babbar hanya ka nufi ƙauyuka, jar ƙasar Mambilla a damina takan koma kamar an shafa mata sabulu, kuma a irin wannan wuri ƙarfin inji ba ya amfanar kowa. Abu biyu ne suke aiki, taya da ƙafarka. Tsayin kujerar CRF300L milimita 880 ne, wato mutum mai matsakaicin tsayi da yatsun ƙafa yake taɓa ƙasa, a kan shimfiɗaɗɗen wuri ma ke nan. A cikin kwarin da motocin ɗaukar kaya suka haƙa da tayoyinsu, idan babur ya karkata ta gefen da ƙasa ta yi zurfi, ƙafarka iska za ta taka. Nauyinsa kimanin kilo 140 ne, na Boxer kimanin 125, bambancin bai yi yawa a takarda ba, amma nauyin CRF yana sama, kuma idan ka ɗora masa jaka da galan na mai ya ƙara hawa.

Na ga wannan da idona a wata gangara da ke bayan Nguroje, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Ina kan babur irin na CRF, tayar gaba ta zame a hankali, na kai ƙafa ban sami ƙasa ba, babur ya kwanta kansa yana kallon gangara. Na ɗaga shi sau ɗaya, na ɗaga sau biyu, a karo na uku takalmina yana zamewa, hannuwana suna rawa, sai da na kwance kayan duka na ajiye a kan ciyawa kafin ya tashi. Ina cikin haka wani ɗan acaɓa ya zo a kan Boxer da buhun masara a bayansa, ƙafafunsa biyu a ƙasa yana jan su kamar mai tuƙa kwale-kwale, giya ta ɗaya, inji yana ƙara a hankali. Ya tsaya ya yi mini sannu, ya riƙe mini babur na ɗaure kaya, sannan ya wuce bai faɗi ko sau ɗaya ba har ya ɓace mini. Gwanin da ya iya tsayuwa a kan CRF ya bar tayar baya tana wutsil-wutsil zai wuce mu duka biyu a wannan gangara, amma wannan ƙwarewa ce ta watanni, ba a koyonta a tafiyar farko, kuma ba a koyonta inda babu mai taimako.

Boxer ma yana da nasa ciwon a cikin laka, kuma ya kamata ka san shi. Madigadin gabansa yana kusa da taya, taɓo mai danƙo yakan cushe a tsakani har taya ta daina juyawa, ka ji babur yana ja kamar an kama birki, daga nan sai faɗuwa. Maganinsa shi ne a ɗaga madigadin da ɗan ƙarfe kafin tafiya, ka kuma riƙe ɗan sanda na ƙwaƙule laka. Tayoyin da ya zo da su na kwalta ne, dole ka canza su da masu manyan haƙora, domin wannan canji kaɗai ya fi duk wani abin da za ka kashe wa kuɗi amfani. Murfin da ya rufe sarƙarsa kuwa alheri ne, yana kare ta daga yashi da ruwa, alhali sarƙar CRF a buɗe take, sai an wanke an sa mata mai kowace yamma.

Sai maganar gyara, wadda a ganina ita ce ta raba gardama. Daga Bali zuwa Serti zuwa Gembu, babu garin da za ka rasa bakaniken da ya san cikin Boxer kamar tafin hannunsa, kuma wayar kuloci, fulogi, tiub mai inci 17, takalmin birki da sarƙa duk suna rataye a shagunan bakin kasuwa. CRF ba haka yake ba. A ƙauyuka man kwalba za ka saya a hannun 'yan bumburutu, wani lokaci da ruwa ko ƙura a ciki. Idan datti ya shiga kafireta, a kwance ta a hure a mayar, aikin rabin awa ne a ƙarƙashin bishiya. Idan ya toshe famfon mai ko injekta na CRF, tafiya ta tsaya sai an aiko da kaya daga nesa. CRF ba shi da kik, kuma famfon mansa da lantarki yake aiki, saboda haka idan batir ya mutu murus ko turawa ba lalle ta tashe shi ba. Boxer kuwa ka buga kik ka tafi. CRF da ruwa yake sanyaya injinsa, wanda hakan ya fi kyau a cikin zafin Bali da Serti, amma laka takan toshe lagireto, faɗuwa ɗaya a kan dutse kuma tana iya huda shi. Injin Boxer iska ce take sanyaya shi, idan ya yi zafi a dogon hawa sai ka kashe shi ka kankare lakar da ta bushe a jikinsa, ka ba shi minti goma. Tiub mai inci 21 na tayar gaban CRF ma sai ka zo da abinka, ko da yake idan ta ɓaci ana iya cusa shi a tayar baya ya kai ka gari.

Ruwa yana da fuska biyu. A ƙaramin rafi CRF ya fi, domin inda yake shaƙar iska yana can sama ƙarƙashin kujera. Amma idan ruwa ya shiga inji, fulogin Boxer yana waje, ka cire shi ka buga kik ruwan ya fito, ka duba baƙin mai, idan ya koma fari kamar madara ka canza shi nan take. Fulogin CRF yana cikin rami a kan inji, sai da dogon sifana na musamman. A manyan koguna kuwa, inda 'yan fito suke ƙetarar da babura a kwale-kwale, sun saba da girman Boxer, mutum biyu suke cicciɓarsa, dogon babur mai faɗin kai kuwa yakan ba su aiki. Kada ka shiga ruwan da ba ka fara takawa da ƙafa ba, ko da wane babur kake.

Tankin Boxer lita 11 ne, na CRF300L lita 7.8, kuma Boxer ya fi shan mai kaɗan, don haka ya haura kilomita 300 da tanki ɗaya ba tare da wahala ba, alhali CRF zai nemi mai bayan 200 da 'yan kai. Boxer yana da kariyar ɗora kaya mai ƙarfi da doguwar kujera, CRF kuwa kujerarsa siririya ce mai tauri, kariya ma sai ka saya daban. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takardar kamfani: Boxer yana sajewa da baburan gari, CRF kuwa yana jan ido a kowane shingen bincike da kowace kasuwa. Ko wanne ka hau, ka riƙe takardunsa cikakku a cikin leda, ka kuma tambayi dokar hawa babur ta kowane gari da za ka ratsa, domin wurare da dama a Arewa sun taƙaita ta saboda tsaro.

Da a ce tambayarka ta haɗa da Honda XR150L, da shi zan nuna maka, domin yana tsakiyar biyun: inji 149cc mai kafireta da sanyin iska, tayar gaba inci 19, madigadi a sama, kujera ƙasa da ta CRF. Idan ka ci karo da mai kyau ka duba shi. Shi kuma CRF ɗin da aka yi maka tayi, ba na cewa ka manta da shi. Idan bayan wannan tafiya ka ga zuciyarka ta kamu da hawan jeji, kana da abokan tafiya, kana kuma da hanyar samun kayan gyara, to shi ne babur ɗin da zai kai ka inda Boxer ba zai kai ba. Kafin ka biya ka ga takardun kwastam, ka duba ko shokazoban gaba yana yoyon mai, ka bar injin yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta tashi da kanta.

Game da Gashaka Gumti, a watan Agusta kogunan cikin dajin sukan cika su yanke hanyoyi, kuma ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya daga ofishin gandun da ke Serti. Idan aikinka zai bari ka ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen Nuwamba ko Disamba, ƙasa ta bushe, tsaunin bai gama rasa korensa ba, kuma rabin abin da na lissafa a sama ya ragu. Idan kuwa Agustan ce dole, ka riƙa tashi da sassafe, ka sauka kafin la'asar, ka tafi da rigar ruwa da rigar sanyi da hular kwano mai rufe haɓa, kuma kowace safiya ka tambayi 'yan acaɓan tasha halin da hanyar da za ka bi ta kwana. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.