Kakin gwangwani ko man kwalba: wanne ke jure ranar Yamai?

Malam, ka tambaye ni wane man shafa wa fentin mota za ka saya, kakin gwangwani ko man kwalba. Ɗauki na kwalbar. Tunda ka ce motar baƙa ce, kuma a waje take yini a Yantala babu rumfa, kada ka wahalar da kanka tsakanin kakin karnoba na gwangwani da man haɗin nan na ruwa. Na kwalbar nake nufi, wanda za ka ga an rubuta masa sealant ko cire synthétique a jiki. Na shafa dukansu biyun a mota guda, shi ya sa nake faɗa maka kai tsaye.

Wanda ke hannuna yanzu Collinite 845 ne. Ƙanena da ke Amurka ya zo mini da shi, kwalba ɗaya mai mililita 473, kuma har yau ban ga ƙarshenta ba saboda kaɗan ake shafawa. Asalin man ma ba don mota aka yi shi ba. Kamfanin, wanda ke Utica a jihar New York, ya haɗa shi ne don kamfanonin wutar lantarki su riƙa shafa wa tangaran ɗin da ke riƙe manyan wayoyi, abin da ke kwana ya yini cikin rana da ruwa da ƙura. Daga baya masu mota suka gano shi. Akwai ɗan karnoba a ciki, amma abin da ke sa shi daɗewa haɗin kemikal ɗin ne. A ƙasashen sanyi daskarewa yake yi, sai sun tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi kafin ya saki. Mu nan zafin gari ya hutar da mu, girgizawa kawai nake yi ya koma kamar madara.

Na fara shafa shi ne ƙarshen Oktoba, bayan sallar asuba, tun ƙarfen motar yana da sanyi. Ɗigo huɗu a kan soso ya ishi rabin kapo. Na bi shi siriri har sai na karkata kai nake ganin inda na wuce. Da ya yi hazo-hazo na ja yatsa a kai, wurin ya fito fes, sai na bi da tsumma mai laushi. Ko ƙarfi ban sa ba. Da na ajiye tsumman a kan kapo, da kansa ya zame ya faɗi ƙasa.

Amma inda man nan ya shiga raina shi ne tafiyar Tawa. A watan Janairu ne, hunturu ya kankama, muka tafi ɗaurin auren ɗan yayata. Yamai, Doso, Dogonduci, Ƙonni, a Tsarnawa muka karkata arewa, kilomita 500 da ɗoriya. Muna isa motar ta koma launin ƙasa, har ba ka gane shuɗi mai duhu ce. Washegari da safe wani yaro a gidan ya ɗauko tsumma zai goge mini ita don girmamawa, na ce masa a'a ɗana, kawo mini ruwa a bokiti. Na watsa a kan rufin. Wallahi ƙurar nan sai ta biyo ruwan ta gangaro kamar an yaye zane, ruwan da ya rage ya dunƙule ƙanana-ƙanana kamar tsakiya, ya tsaya a kan fenti. Wata uku kenan da shafawa. Kawuna da ke zaune a kan tabarma yana kallo ya tashi ya zo ya shafa ƙofar da bayan hannunsa, ya tambaye ni ko sabon fenti na yi. Bokiti uku da sabulun mota suka gama aikin da a da sai an yi ta dirza.

Abin da nake so ka gane kenan. Yawancin bayanan da ake yi kan waɗannan mayuka daga ƙasashen ruwan sama da ƙanƙara suke fitowa, inda damuwarsu gishirin da ake zuba wa hanya lokacin sanyi. Mu damuwarmu biyu ce, rana da ƙura. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu na zuba mana gari a kan mota kullum, a Afrilu da Mayu kuma zafi ya wuce digiri 40, wani lokaci ya doshi 45. Ƙurar nan ba gari ba ce kawai, akwai ɓarɓashin yashi a ciki, kuma yashi ya fi fenti tauri. Duk man da zai sa ƙura ta sauka da ruwa ba tare da dirza ba, shi ne ke ceton fentinka. Sheƙi yana biyo baya.

Shi kuwa kakin gwangwani, ba zan hana shi haƙƙinsa ba: ranar da ka shafa shi a baƙar mota, yana ba da wani zurfin launi kamar fentin ya jiƙe, wanda na kwalba bai cika kaiwa nan ba. Iyakarsa kenan a wurina.

Na taɓa sayen wani, ba zan ambaci sunansa ba, gwangwani mai kyan gani da ƙamshi mai daɗi. A watan Afrilu na shafa. Mako uku ruwa ya daina dunƙulewa a kan kapo da rufi, gefen ƙofofi ne kawai suka ɗan ƙara kwana. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maiƙonsa. Kwanakin farko ƙura na sauka ta manne, ka taɓa da yatsa ka ji ta yi danƙo. Sannan duk inda ya taɓa baƙar robar gefen gilashi da ta bamba sai ya bar farin tabo. Na kwashe yammaci guda da tsohon buroshin haƙori ina cire shi daga ramukan robar, wani wurin ya fi wata biyu bai fita ba. Kuɗin bai dame ni ba kamar wahalar da ta tashi a banza.

Daga baya na fahimci dalili. Karnoba kaki ne da ake samu a ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil, a jihohi irin su Ceará da Piauí. Shi kaɗai tsantsa yana da tauri ƙwarai, ba ya narkewa sai wajen digiri 82 zuwa 86, kuma ba yadda za ka shafa shi a mota a haka. Dole sai an sassauta shi da mayuka da sinadarai masu narkarwa, wasu su ƙara kakin zuma, wanda shi tun digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. To kapon baƙar mota da ta yini a ranar Afrilu yakan haura digiri 70. Ka ga kenan abin da ka shafa yana laushi kullum da azahar, ƙura ta hau, mai wanki ya zo ya kwashe. Saboda haka in ka ga gwangwani an rubuta karnoba 100%, ma'anarsa kakin da ke cikin haɗin karnoba ne, ba wai duk abin da ke gwangwanin ba. A ƙasa mai sanyi irin wannan kaki yakan yi wata ɗaya zuwa biyu, wani ya ɗan wuce. Na haɗin kemikal yakan kai wata huɗu zuwa shida. A Yamai ka rage wa kowanne, amma tazarar da ke tsakaninsu tana nan. Wanda motarsa ke kwana cikin gareji, sai Juma'a ko ranar biki yake fito da ita, shi ne kakin gwangwani ya dace da shi.

In ba ka samu irin nawa ba, kada ka tsaya jiransa. Meguiar's Ultimate Liquid Wax, duk da sunansa, haɗin kemikal ne, kuma ba ya barin fari a kan roba. Sonax na Jamus ma suna da irinsa. Akwai Fusso Coat na kamfanin Soft99 na Japan, a gwangwani yake amma ba karnoba ba ne, yana daɗewa sosai, sai dai in ka cika shi ko ka bari ya bushe da yawa, gogewarsa aiki ce, kuma a zafinmu nan da nan yake kamawa. Na feshi masu siramik, wato sinadarin da ke taurarewa a kan fenti ya kare shi, irin Turtle Wax Hybrid Solutions, su ma ba laifi ga wanda ba shi da lokaci: fesa kaɗan, goge, juya tsumma, ƙara gogewa. A baƙar mota dai ka rage hannu, in ya yi yawa yana barin zane-zane.

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, je ka duba rufin motar da kapo da rana tsaka. Fentin motocin yanzu yana da wata fata mai haske a sama, wadda masu fenti ke ce wa berni, kaurinta bai kai na takardar rubutu ba. In ka ga ta fara fari-fari kamar makero, ko tana ɓarewa a gefe, rana ta riga ta cinye ta, kuma babu man da zai dawo da ita, sai mai fenti. Da yawa cikin motocin hannu da ake shigo mana da su haka rufinsu ke ƙarewa bayan shekara biyu-uku a waje. In kuwa lafiya take, wanke motar, ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa kapo. In ka ji ƙurji-ƙurji, akwai dattin da ya nutse, sai an bi shi da ƙullin nan mai kama da cingam da ruwan sabulu kafin a shafa mai. In ba haka ba, a kan datti za ka shafa, kuma ba zai kama ba.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu tara tsofaffin gwangwanaye da kwalabe na kamfanonin kirki su cika su da wani abu daban. Duba murfi ko an taɓa buɗe shi, duba rubutun jiki ko ya yi dishi-dishi ko harafi ya tuntsure, nemi lambar da ake bugawa a gindi. Kayan da aka shanya a tebur cikin rana wata da watanni, ko na gaske ne, ya riga ya dahu: in ka girgiza kwalba ruwa da gudaji suka ƙi haɗuwa, ajiye masa abinsa. Gara ka shiga butik mai inuwa ka ƙara jika biyu ko uku, araha ba ta ado. Wasu kuma za su miƙo maka man dirza fenti su ce kaki ne. Murza kaɗan tsakanin yatsu biyu, in ka ji gari-gari, wannan cin berni yake yi. Motar za ta yi ƙyalli a ranar, amma fatar ce aka kankare, kuma ba ta tsirowa. Na taɓa tsayawa kallon wani yana zuba ruwan laita a kan kapo yana kunna wuta, wai don ya nuna ƙarfin mansa. Ruwan laitar ne ke ci ya ƙare cikin daƙiƙa kaɗan, ko ba a shafa komai ba haka za ka gani. Haka mai kwalbar feshi da zai nuna maka 9H ya ce ko wuƙa ba ta karce motar. Wannan ma'aunin taurin fensir ne. Siramik na ainihi a ƴar ƙaramar kwalba yake zuwa, mililita 30 ko 50, sai an gyara fenti da inji, sannan motar ta kwana a rufaffen wuri ba ruwa ba ƙura. Wanda ya ce zai yi maka shi a bakin titi cikin hunturu, kuɗinka yake so.

Sai masu wanki, don a hannunsu yawancin mai ke mutuwa. Omo da sabulun wanke kwanoni an yi su ne don su cire maiƙo, kuma suna rage wa abin da ka shafa kwana, musamman kaki. Ni da sabulun motata nake zuwa, da tsummana na maikrofaiba guda biyu, in miƙa wa yaron in ce ya fara watsa ruwa sosai kafin hannunsa ya taɓa fenti. Kada ka yarda a sa maka gazuwal a tsumma wai don ƙyalli. Mai gadi ko yaran gida da ke goge mota da busasshen tsumma kowace safiya, da kyakkyawar niyya suke yi, amma su ne ke jawo zanen nan mai kama da saƙar gizo-gizo da kake gani a baƙar mota in rana ta haska. Yi musu bayani da daɗin baki. Kashin tsuntsu ko na jemage kuwa, in ka faka ƙarƙashin dogon yaro, jiƙa shi ka cire a ranar, don a zafi yana cin berni ko da mai a kai.

In ka sayo, shafa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa. Ɗora bayan hannunka a kan kapo, in da zafi ka jira. Bi ɓangare-ɓangare, siriri, kada ka lulluɓe motar gaba ɗaya sannan ka dawo gogewa, iskarmu busasshiya ce, kafin ka zagayo ya kama. Ka bar ta ta kwana ruwa bai taɓa ta ba. Ni sau uku nake yi a shekara: ƙarshen Oktoba kafin hunturu, farkon Maris kafin bazara, sai Yuni in damina ta kawo kai. Tsakaninsu, duk ranar wanki ina kallon kapo da rufi, don su ne ke fara sakewa. Ranar da ka ga ruwa ya daina dunƙulewa ya kwanta shimfiɗe a wurin, ƙara musu su biyun kawai, ƙofofi za su iya jira.