Gargaɗi: mai yawo da hotunan Masar yana karɓar kuɗin tafiya da fasfo a ƙauyukanmu

Assalamu alaikum jama'ar Ringim, Taura, Garki, Jahun da ƙauyukan da ke kewaye. Don Allah duk wanda wannan saƙo ya iso gare shi ya karanta wa iyayenmu da ba sa riƙe babbar waya, domin su aka fi hari.

Akwai wani mutum da ke bin kasuwanni da majalisu tun farkon kaka. Yana cewa shi wakilin wani kamfanin tafiye-tafiye ne daga Kano, yana haɗa ayarin yawon buɗe ido zuwa Masar: mako guda a Alƙahira, a ga dala, a shiga jirgin ruwa a kogin Nilu, a yi sallah a Masallacin Azhar, a ziyarci kabarin Imam Shafi'i, sannan a je a ga gawar Fir'auna ido da ido. Wai har mai ɗaukar hoto kamfanin ya tanada, kowa zai dawo da albam ɗinsa a hannu. To babu tafiyar. Ya karɓi kuɗin mutane, ya karɓi fasfo ɗinsu, ya kashe waya. Ba zan rubuta sunan da ya faɗa mana ba, don mun gano kowane gari da sunan da yake amsawa, kuma sunan kamfanin da ke saman fom ɗinsa yana iya zama na wasu bayin Allah da ba su san hawa ba balle sauka. Da aikinsa za ku gane shi.

Ni sana'ata hoto ce, kuma ta nan zancen ya same ni. Mutane suka fara shigowa shago suna neman hoto mai farin bango, wai na biza. Yawancinsu dattawa ne, manoman riɗi da suka sayar da amfani, da 'yan fansho, da wata Hajiya mai kiwon awaki. A cikinsu har da kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon hedimasta. Shekara da shekaru ya yi yana zana wa yara dala a kan allo da alli, yana gaya musu babbar ciki ta haura shekara 4,500 a tsaye, kuma tsayinta na asali ya kai mita 146. Bai taɓa hawa jirgin sama ba. Kujerar Hajji kuwa a 2025 ta haura naira miliyan 8, ta fi ƙarfin giratutinsa nesa ba kusa ba. Da mutumin nan ya zo da tafiya mai sauƙin kuɗi, har yana cewa wanda ya ƙara wani abu kaɗan za a zarce da shi Umara, Kawu gani ya yi Allah ne ya amsa masa wata tsohuwar addu'a. Ya ɗinka shadda sabuwa. Ya canza waya don ya samu mai kyamara mai kyau, ya kawo mini in koya masa yadda ake juya ta mutum ya ɗauki kansa.

Ranar ce ya nuna mini hotunan da ake tura musu a guruf ɗin WhatsApp, wai na ayarin bara.

Wanda ba sana'arsa ba ce zai ga hotuna masu kyau kawai. Ga wani dattijo da babbar riga da hula zanna, dala a bayansa, raƙumi a gefe. Da na matso da hoton, inuwar raƙumin ta faɗi hagu, hasken fuskar dattijon kuma yana nuna rana ma a hagun take. A gefen hularsa akwai siririn farin layi, ragowar bangon da aka yanko shi daga ciki, irin wanda nake sharewa kullum idan ina canza wa amarya bango. Ƙafafunsa ba su bar sawu a yashi ba. Hoto huɗu, mutum huɗu daban-daban, amma raƙumi ɗaya ne, da jan bargo ɗaya, ya juya wuya iri ɗaya. Na sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto a intanet, sai ga asalinsa a shafukan tallar otal na waje, da wata Baturiya a daidai inda aka dasa dattijon.

Akwai abubuwa biyu da ko ba ka iya duba inuwa ba sun isa su tona shi. Ɗaya hoto ne da aka nuna wani mutum yana murmushi kusa da gawar Fir'auna. A watan Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakunan Masar 22, ciki har da Ramsis na Biyu, aka mayar da su sabon gidan tarihi a unguwar Fustat, kuma a ɗakin da suke kwance ba a yarda a ɗauki hoto ba. Na biyun shi ne alkawarin da ya yi cewa mai hoton kamfani zai tashi ƙaramin jirgi mara matuƙi ya ɗauko ayari daga sama a gindin dala. Masar ba ta barin baƙo ya shiga da irin wannan na'ura ba tare da izinin hukumomin tsaro ba, a filin jirgi ma ake ƙwace ta. Duk wanda ya taɓa kai mutane can ya san haka.

Na faɗa wa Kawu abin da na gani. Ya ce, "Ɗana, ai kowa yana ƙawata hajarsa. Hoto ba shi ne tafiya ba. Ga tikiti nan ya turo, mun duba, sunana yana ciki."

A nan mugun wayon mutumin yake, kuma don wannan na zauna yin rubutun nan. Ya tura wa kowa takarda mai tambarin kamfanin jirgi, da sunan mutum, da ranar tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, da wata lamba mai harafi da adadi guda shida. Ya ce kowa ya sa ɗansa ya shiga shafin kamfanin jirgin ya duba. Aka duba, suna ya fito. Daga nan kowa ya saki jiki, waɗanda suka ba da kafin alƙalami suka cika sauran, wasu ma suka jawo 'yan'uwansu.

Abin da ba su sani ba, wannan lamba ta kama kujera ce kawai. Ejan yana iya kama wa mutum kujera ba tare da an biya ko sisi ba, sunan ya zauna a kwamfutar kamfanin jirgi na ɗan lokaci, idan wa'adi ya cika ba a biya ba kwamfutar ta soke shi da kanta. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Tikitin da aka biya kuɗinsa yana da wata lamba daban mai adadi 13, kuma ukun farko suna nuna kamfanin jirgin: na EgyptAir yana farawa da 077, na Ethiopian da 071, na Turkish da 235. Ku duba takardar da ya ba ku, ba za ku ga wannan lamba ba. Ko da kun ga wata an rubuta, kada ku tsaya a kan takarda, ku kai ta ofishin kamfanin jirgin a Kano ko ku kira su, ku tambaya ko an biya tikitin an fitar da shi. Tambaya ce ta minti biyu.

Bayan ya gama tara kuɗi sai aka shiga ɗage rana. Yau biza tana Abuja, gobe canjin dala ya tashi sai kowa ya ƙaro, jibi kuɗin inshora. Kullum da muryarsa mai sanyi: "Baba, ranka ya daɗe, ka ƙara haƙuri, alheri ne ke tafe." Da tambayoyi suka yi yawa sai ya rufe guruf ɗin, shi kaɗai ke iya magana. A ƙarshe ya sa rana, ya ce a haɗu a filin jirgi, can zai raba fasfo da biza. Mutane suka yi shatar mota tun asuba, da jakunkuna, da 'yan rakiya, wasu har an yi musu walimar bankwana a gida. Suka zauna a waje har la'asar. Wani matashi a cikin 'yan rakiya ya shiga ya nuna takardar mahaifinsa, ma'aikaciyar ta duba ta ce kujerar nan an soke ta tun makonni, ba a taɓa biyan kuɗinta ba. Kawu ya dawo bayan isha'i, shaddar tana jikinsa, bai ce wa kowa komai ba, ya shige ɗaki.

Kada wani ya ce kwaɗayi ne ya ja su. Waɗannan mutane ba riba suka je nema ba. Guminsu suka ɗauka don su ga wani yanki na duniyar Allah sau ɗaya kafin ƙafa ta gaza, kuma babu laifi a cikin wannan buri. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hanyar da ya bi ya shigo. Bai fara da talakawa ba. A kowane gari sai ya nemi mutum mai mutunci, shugaban ƙungiyar manoma ko wani dattijon masallaci, ya ce masa idan ya kawo mutum goma kujerarsa kyauta ce. Kuɗin sai ya bi ta hannun wanda aka sani aka amince da shi. Yanzu ɗan damfarar ya yi layar zana, ya bar maƙwabta suna kallon juna da ƙullin zuciya, an daina gaisawa a wasu zaurukan. Wanda ya tara kuɗin shi ma an cuce shi, har ya fi kowa asara tunda mutuncinsa ya shiga ciki. Amma ina roƙon dattawanmu, duk wanda ya zo muku da kyautar kujera don ku tara masa mutane, sunanku yake saye, ku ce masa a'a.

Maganar fasfo ta fi ta kuɗi ciwo ga wasu. Tun 1 ga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma naira 200,000. Wanda nasa ya tafi da mutumin nan sai ya samo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu kafin Hukumar Shige da Fice ta saurare shi, sannan ya sake biya. Kuma kada a yi sakaci da kai rahoton, domin fasfo ɗinka yana hannun wanda ba ka san abin da zai aikata da shi ba. Bizar Masar daga ofishin jakadancinsu take fitowa, ba daga jakar wani a kasuwar Gujungu ba. Idan dole sai ka bar fasfo a hannun ejan, to ya zama a ofishinsa ne, ka ga ƙofar da idonka, ka karɓi takardar shaida mai sa hannu da hatimi. Mutumin nan ko sau ɗaya bai tambayi kowa katin rigakafin cutar shawara ba, alhali Masar tana neman sa daga wanda ya taso daga Najeriya. Mai niyyar kai ka ba zai manta da wannan ba.

Kuɗin da ya yanka ma ya isa ya sa a tsaya. Duka tafiyar, da jirgi da otal da abinci da biza, bai kai abin da ake sayar da tikitin zuwa da dawowa kaɗai ba. Da aka tambaye shi sai ya ce gwamnatin Masar ce ke tallafawa don ta jawo baƙi. Asusun da ya bayar kuma na mutum ɗaya ne, a irin manhajojin waya ɗin nan, sunan da ke fitowa daban da nasa, daban da na kamfanin. Ya ce na akawunsu ne.

Masu aikin nan na gaskiya suna nan a Kano, kuma ba sa jin haushin bincike. Ka nemi lambar rajistarsu ka duba a shafin Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ka ga ko sunan ya dace da na asusun da za ka tura kuɗi. Ka tambaya ko suna cikin ƙungiyar NANTA ta masu kamfanonin tafiye-tafiye, ko suna da rajistar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Idan an ambaci Umara ko da a gefen zance ne, sai kamfanin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi, kuma tana fitar da sunayensu. Takardar CAC da aka manna a bango ita kaɗai ba ta wadatar ba, ana buga irinta a kowane shagon kwamfuta. Hoto kuwa a cire shi daga cikin hujjoji gaba ɗaya. Na mutumin nan aikin gaggawa ne shi ya sa na kama shi, amma yanzu akwai manhajojin da ke ƙirƙiro hoton mutum a gaban dala wanda ni kaina sai na daɗe ina kallo. Idan ya ce ya kai wasu bara, ka ce ya haɗa ka da ɗaya daga cikinsu, ka je gidansa, ya buɗe maka fasfo ka ga hatimin shiga da na fita.

Waɗanda abin ya riga ya shafa, na san kunya ce ta rufe bakin da yawa, musamman waɗanda aka yi wa rakiya da addu'a. Da wannan shirun yake samun damar shiga gari na gaba. Abin da ya yi laifi ne babba a dokar zamba cikin aminci ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Kada ku goge komai a waya: alat ɗin banki, rasit ɗin mai POS, saƙonnin murya, fom, takardar kujerar, har hotunan. Kowa ya je bankinsa ya shigar da ƙorafi a rubuce da lambar asusun da kuɗin ya shiga, gwargwadon saurin zuwa gwargwadon yiwuwar a tarar da wani abu a ciki. Mun sanar da dagaci da 'yan sanda, kuma muna haɗa takardun kowa wuri ɗaya don a kai ofishin EFCC na Kano a ƙara guda, domin ta fi nauyi a kan kowa ya je shi kaɗai. Wanda ba ya son a gan shi ya aiko ɗansa da kwafin takardun.

Labarin da ke iso mana daga masu zuwa cin kasuwa shi ne an ga mai irin wannan fom ta wajen Kazaure da Dambatta, sai dai yanzu ba Masar yake talla ba, hotunan masallatan Istanbul da dogayen benayen Dubai yake nunawa. Wanda yake da dangi a can ya kira su yau.