File Explorer ko wata manhajar daban: wanne ke riƙe saitin folda?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka yi tambaya a kan foldojin kwamfuta da ba sa riƙe saitin da aka yi musu, ka tsara yadda fayiloli za su fito amma daga baya ka tarar sun sauya, ko gyara za ka yi ko sauya manhaja. Tsakanin gyara File Explorer ɗin da ya zo da Windows da biyan kuɗi a saka maka wata manhajar buɗe fayiloli, duka biyun na taɓa su da hannuna. Ka tsaya a kan na Windows ɗin, kada ka kashe ko sisi.

Ina da ɗan shagon buga takardu a nan Ringim, kuma wannan matsala ta taɓa ba ni kunya a lokacin rajistar NECO. Wani dattijo ya taso daga ƙauye a kan babur da sassafe, yana son a sake wanke masa fasfo ɗin 'yarsa. Na buɗe foldar hotuna, sai na ga babu fuska ko ɗaya, sunaye ne kawai a jere kamar rajistar aji, alhali jiya da dare na bar su manya-manya. Ga batirin sola bai cika ba, ga mutane a bakin ƙofa. Haka na riƙa buɗe hoto ɗaya bayan ɗaya, dattijon nan yana tsaye yana cewa "a hankali dai ɗan nan, ba sauri". Da na tashi daga shago a ranar ban kwanta ba sai da na gano bakin zaren.

Ashe Windows ba ta ɗaukar folda duka a matsayin abu ɗaya. Ta kasa su gida biyar: General items, Documents, Pictures, Music da Videos, kowanne da irin shigarsa. Kuma ita ce take leƙa cikin folda ta yi hasashen gidan da za ta sa ta. Shi ya sa foldar da ka cika da wasiƙu, da zarar hotuna sun yi yawa a ciki, sai ta sauya ra'ayi ta mayar maka da ita ta hotuna. Maganin shi ne ka daina bari tana yi maka zaɓi. Ka danna dama a kan babbar foldar aikinka, ka shiga Properties, sannan Customize, ka zaɓi gidan da kake so a ƙarƙashin "Optimize this folder for", ka kuma sa alama a akwatin da ke ƙasa mai cewa a haɗa da duk ƙananan foldojin da ke ciki. Daga nan ka buɗe ta, ka tsara ta yadda ranka yake so, ko jeri mai kwanan wata ko manyan hotuna. Sai ka shiga Options (a Windows 11 yana cikin ɗigo ukun nan na sama), ka je View, ka danna "Apply to Folders".

A nan ne mutane da yawa suke cewa abin ba ya aiki. Yana aiki, amma gidan da kake ciki kaɗai yake shafa. Idan a foldar takardu ka danna, ba ruwansa da ta hotuna, sai ka je can ma ka maimaita. Ni sau biyu kawai na yi, ɗaya na wasiƙu da fom, ɗaya na fasfo, kuma tun daga lokacin yaron shagona yana buɗe foldar makaranta ya ga fuskokin ɗalibai reras, ya nuna da yatsa ya ce ga ta nan. Wallahi har yau abin yana yi mini daɗi.

Foldar Downloads ita ce mai taurin kai. Tun sabuntawar 2019 Windows 10 ta fara karkasa ta da na yau, na jiya, na makon jiya. Ka danna dama a fili, ka je "Group by", ka zaɓi None, sannan ka yi mata "Apply to Folders" ɗinta. Ƙaramar tagar da ke fitowa idan za ka adana aiki a Word ma saitinta daban yake, ita ma sai ka gyara ta a can. Filashi kuwa, yau kwamfuta ta ba shi harafin E, gobe ta ba shi F, sai ta ɗauka baƙo ne, don haka kada ka ga laifin kanka idan shi ya manta.

Ɗaya zaɓin fa? Akwai na gaskiya irin su Total Commander da Directory Opus, masu amfani da su suna yabo, amma na kuɗi ne, kuma ko ka saka su tagar adana aiki ta Word tana nan yadda take. Nawa dai wani mai gyara a cikin birnin Kano ne ya saka mini na sata, na biya shi, bayan 'yan kwanaki ya fara neman lambar rajista, na cire.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka, saboda ciwon da na ji. Mutumin nan ya haɗa mini da wata manhajar "share datti" da ya ce za ta sa kwamfuta gudu. Ashe cikin abin da take sharewa har da wurin da Windows take ajiye saitin foldoji, wanda yake ɗaukar har guda 5,000 kafin ya fara zubar da tsofaffi. Ina gyarawa, ita tana gogewa a bayana. Idan laftof ɗinka na hannu ne, ka duba ko an cusa maka irinta, domin masu sayarwa da yawa suna yin haka don su ce sun ƙara maka kaya. Duk wanda kuma ya ce maka wannan matsalar sai an yi fomatin, ka ɗauki kwamfutarka ka fito. Kuɗin aiki yake nema, kuma takardun mutane da ke hannunka amana ce, sau ɗaya za a goge su ka rasa abin da za ka faɗa wa masu su.

Idan ka je ka tarar "Apply to Folders" ya dusashe ya ƙi dannuwa, ko ka rasa Customize gaba ɗaya, to mai yiwuwa ta cikin Libraries ka buɗe foldar, wato sashen da Windows take nuna foldoji a haɗe, ba ainihin inda suke ba. Ka bi ta This PC, ka buɗe C, ka je ainihin inda foldar take, sannan ka sake gwadawa.