Kyamara ko Jirgi Mara Matuƙi: Me Za Ka Saya Don Duba Fatar Dolfin?

Mai son bin diddigin cututtukan fatar dolfin, dabbar teku mai shayarwa, abu uku ake yawan tallata masa: kyamara mai dogon ido (wato gilashin da ke jawo nesa kusa), ƙaramin jirgi mara matuƙi, da kyamarar nutso irin GoPro. Shawarata, fara da kyamarar, kuma kada ka yi rowa wajen idonta.

Dolfin ba ya tsayawa. Kafin ƙiftawa da bismillah ya shaƙi iska ya nutse, ga shi hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta ce a ba shi tazarar yadi 50. Sai ido mai kai milimita 300 zuwa 400, da kyamarar da ke ɗaukar hotuna a jere, za su rarrabe maka abin da ke jikinsa. Bairas ɗin dangin agana yana barin tabo shimfiɗaɗɗe, baƙi-baƙi, mai ɗigo-ɗigo kamar zanen jarfa. Cutar lobomikosis, wadda fangas (ƙwayar cuta dangin funfuna) ke jawowa, ƙuraje ne masu tudu, fari-fari. Dolfin ɗin da ya daɗe cikin ruwa mara gishiri kuwa, fatarsa kan koɗe ta yi gyambo har gansakuka ta hau, kamar yadda aka gani a tafkin Pontchartrain da ke jihar Louisiana ta Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005. Daga nesa duk ɗaya suke. Ka haɗa da matacin haske da ake sa wa idon kyamara don kashe ƙyallin ruwa, domin hasken rana a jiƙaƙƙiyar fata yana ɓoye tabo. Kuma kowane hoto ya kama fiffiken gadon baya, da tsaginsa ake gane wane ne wane. Da haka ake bin dolfin ɗaya bayan ɗaya a Sarasota da ke jihar Florida ta Amurka tun 1970.

Jirgi mara matuƙi gwani ne wajen nuna rama ko ƙiba daga sama, amma ƙararsa na iya damun dabbar, kuma yakan bukaci izini. GoPro ka bar ta: sai ka matso kusa, abin da bai kamata ba.

Abin da ke damuna shi ne masu yanke hukunci daga hoto. Bairas ɗin mobili, ɗan'uwan na ƙyanda, ya kashe dolfin sama da 1,500 a gaɓar Atilantika ta Amurka daga 2013 zuwa 2015, kuma ɓarnarsa a huhu da ƙwaƙwalwa take, inda hoto ba ya nunawa. Gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cuta a samfurin naman jiki a ɗakin bincike, shi ne ke tabbatar da shi. Gutsuro fatar dolfin da kibiya don gwaji aikin masu lasisi ne ƙarƙashin dokar Amurka ta 1972 mai kare dabbobin teku masu shayarwa, don haka da sauran kuɗinka ka sayi jakar da ruwan gishiri ba ya shiga da kuma na'urar GPS mai nuna wurin da kake.