Shingen da aka yanka min a wajen Tech: ƙofar ta burge ni, katakon ya ɓata min rai

Tun bara nake haɗa ƙaramar tashar jirgin ƙasa a kan wani allon katako a ɗakina a unguwar Aboabo ta Kumasi, kuma don Baba nake yinta. Shi ɗan goro ne, ya yi shekaru yana loda huhu a tashar Kumasi, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Layin Sekondi ya iso garin nan tun 1903, na Accra kuma aka haɗe shi a 1923, amma yau wanda ya bi ta Adum a tsakiyar gari 'yan kasuwa zai gani sun baza kaya a kan dogo. Ina so tsoho ya sake ganin wurin da jirgi a cikinsa.

Kan jirgina da taragunsa ma'aunin HO ne, wato kashi 1 cikin 87. Gini bai ba ni wahala ba, shinge ne ya gagare ni. Na gwada ashana, na gwada tsinken sakace, duk sai su fito kamar gungume kusa da mutanen roba, don a wannan ma'aunin babban mutum bai wuce santimita 2 ba. Na roba da ake kawowa daga waje kuwa farare ne tas, irin na gidajen Turai, ba su yi kama da komai namu ba.

Wani abokina ne ya haɗa ni da wani yaro mai injin yanka da hasken lesa a wajen Tech, wato unguwar jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wanda yake yi wa ɗaliban zanen gine-gine aiki. Na kai masa zane. Na ce shinge mai tsawon mita 1.2 nake so, wanda in an rage shi zai dawo kusan milimita 14, kuma da siririn filawud, ba da allon garin katako da suke kira MDF ba. Na maimaita wannan har sau biyu. Ya ce, "Yaya, kada ka damu, mako biyu ka zo ka ɗauka." Na tura masa rabin kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, nan take.

Mako biyu ya zama biyar. Yau wuta ce aka ɗauke, gobe ɗalibai sun cika shago da aikin jarrabawa. Sau biyu ina shiga trotro, motar haya, har can in dawo hannu rabbana.

Amma ranar da ya miƙo min ambulan ɗin nan, wallahi duk fushina ya tafi. Na buɗe, ƙamshin ƙonannen itace ya bugi hancina. Na zaro guda ɗaya na ɗora a tafin hannu: kowane falanki a tsaye yake, tsakaninsu daidai, gefensu ya yi baƙi-baƙi saboda zafin yankan, sai ya zama kamar tsohon katakon da rana da ruwa suka daɗe suna duka. Na sa ma'auni, milimita 14 cif. Abin da ban nema ba kuma shi ne ƙofar. Ya yanka ƙofa mai ganye biyu, ya huda ramuka ƙanana a jikin dirka, ya lanƙwasa siririyar wayar tagulla da ya zaro daga tsohon kebul ya yi mata marataya. Tana buɗewa, tana rufewa. Ban san sau nawa na tura ta da bakin allura a cikin shagon ba.

Da daddare bayan isha'i na kafa ta a gefen rumbun kaya, na kira Baba. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya sa farcen ɗan yatsansa ya tura ganye ɗaya, ya ce, "Ta irin wannan muke shigar da huhu da asuba, kafin rana ta taɓa goron." Daga nan ya zauna a bakin gado ya fara lissafa mutanen da suka yi aikin tare, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ya yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. A daren nan da an ce in ƙara wa yaron kuɗi ninki biyu, da na ƙara. Har saƙo na tura masa na ce Allah ya yi wa hannunsa albarka.

To, sai damina ta kankama. Duk wanda yake Kumasi ya san yadda ɗaki yake yin laima a watan Yuni, ko tufafi a cikin akwati sai sun ji. Wata safiya na ɗaga ƙyallen da nake rufe allon da shi, sai na ga shingen bayan tasha ya karkace kamar bayan maciji, wasu dirkokin sun kumbura sun tsage daga gam. Na ɓalle guda na duba cikinsa: gari ne, ba itace ba. Ashe ƙofar da shingen gaba ne kawai ya yi da filawud, sauran duka MDF ne, abin da na ce masa sau biyu ba na so. Baƙin gefen nan da na yaba shi ne ya rufe min ido ban gane ba. MDF kuwa yana shan laima kamar burodi, in ya kumbura ba ya komawa.

Na kira shi. Ya ce, "Yaya, filawud ɗin ne ya ƙare, kuma ai da ka shafa masa banish da bai yi haka ba." Me ya hana ka faɗa min ranar da na zo ɗauka? Kuɗin filawud na biya. Da ya ce min ya ƙare, da na jira, tunda mako biyar ma na jira. Wannan ɓoyewar ce ta fi ƙona min rai, fiye da asarar. Kuma da na tuna kuɗin motar da na kashe ina zarya, sai na ji tsohon fushin ya dawo sabo.

Hannunsa yana da kyau, wannan ba zan ƙwace masa ba. In za ku ba shi aiki, ku sayi filawud ɗinku ku kai masa, ku tsaya a yanka a gabanku, ku shafa banish ciki da waje kafin ku manna. Ya yi alkawarin sake yanka min na bayan tashar kyauta, yau kwana 12 ke nan ban ji daga gare shi ba. Na cire karkatattun na zuba a gwangwanin madara, ƙofar kuma na bar ta a wurinta, don Baba yakan leƙo bayan la'asar ya tura ta.